Cokali Uku

Ni ce mai girkin biki a Gyallesu.
Tukunyata tana cin tiya goma,
cikina kuwa yanzu
bai kai kofin shayin yara ba.
Likita ya yanke, ya ɗinke, ya bar min ɗan ziri,
ya ce: Hajiya Marka, cokali uku,
ki tauna kamar mai lissafin bashi,
kada ruwa ya bi sawun loma.

Wata tara ke nan.

Jiya na tuƙa tuwon mutum ɗari biyu,
miyar taushe na kirana da sunan yarinta.
Na ɗanɗana gishiri a bakin ludayi,
shi ke nan, na ƙoshi.
Na zauna bayan murhu ina kallon ƙanzo,
ni da shi kamar ƙawaye
da iyaye suka hana gaisawa.

Sha'aibu tela na Tudun Wada
ya rage rigunana sau huɗu.
A na biyar ya ajiye almakashi:
Hajiya, a cikin leshin nan
akwai ke, akwai kuma riga da siket na Mufida.
Na ce a yanka mata.
Yanzu 'yata ke zuwa biki
da abin da ya ragu daga gare ni.

Zobena ya sulale cikin ƙullun waina,
sai da muka tace roba guda.
Gashina ya fi son mataji da kaina.
Fatar dantsena tana reto
kamar buhun da aka juye masara;
ba wanda ya gaya min
kitse zai tashi ya bar gidansa
ba ɗan haya.
Sanyi kuwa, ko a tsakiyar bazara
sai na lulluɓa,
ni da fanka biyu ba sa isata.

A gidan suna a Kwarbai
Goggo Tasalla ta ja ni lungu:
Ba a ɓoye wa uwa ciwo. Sukari ne ko jifa?
Akwai wani malami bayan Ƙofar Gayan.
Na ce aiki aka yi min, da kuɗina, da son raina.
Ta dube ni sama da ƙasa:
Allah ya ba ki jiki, kin kai an rage?
Waɗanda ke ce min Tanka a bayan idona
su ne yau ke cewa na lalace.
Na daina hawa sikelin bakin mutane.

Ga abin da ban gaya wa Goggo ba.
Shekara shida ina salla a kan kujerar roba.
Wata Talata da asuba
gwiwata ta lanƙwasa ba ta yi ƙorafi ba,
goshina ya sauka a kan darduma.
Na ji ƙanshinta, na turare da tsufa,
na daɗe a wurin
har Malam Tanimu ya dafa kafaɗata,
ya zaci suma na yi.

Mai Keke a PZ ya daina cewa kuɗin mutum biyu.
Ranar ganin likita a Shika
na hau bene ban tsaya roƙon numfashi ba.

Duk da haka in na gifta madubi
sai in ji kamar in yi sallama.
Matar can mai dogon wuya
ta fi kama da innata ta Wusasa
da muka binne tun ina aji uku.
Har yanzu a karkace nake shiga ƙofa,
ina ba jikin da ya tafi hanya.

Gobe akwai walima a Samaru, mutum ɗari uku.
An tsince shinkafa, itace ya iso.
Na sa ɗan cokalina a jaka
da dafaffen ƙwai guda,
rabi na hantsi,
rabi in an sauke tukunya.